Darasin Motsa Jiki a Kan Allo

A makon jiya na buɗe littafin ɗana, ɗan aji huɗu na firamare, sai na tarar an sa su kwafi tsawo da faɗin filin ƙwallon ƙafa, har da zanen raga, da sunan darasin motsa jiki. Na tambaye shi yaushe rabon da a fitar da su fili, ya ce ai babu inda za a fita, domin makarantar gidan haya ce da aka mayar da ɗakunanta azuzuwa, tsakar gidan kuwa da kyar take ɗaukar layin asembili. Irinta ba sa ƙirguwa a lungunan Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki sosai, sannan sau 3 a mako ya yi abin da zai ƙarfafa ƙashi da tsoka. Ƙashin yaro yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi ta hanyar gudu da tsalle, kuma mafi yawan wannan gini yana kammala ne kafin mutum ya yi nisa da shekara ashirin. Haka kuma yaron da ya yi gumi yakan fi natsuwa a aji, ya fi samun barci da daddare.

Mu da muka taso muna langa a dandali ba mu san muna koyon komai ba, amma wanda ya riƙe ƙafa ɗaya a hannu yana ɗingishi, yana kare kansa daga ture, ya koyi daidaita jiki, ya kuma koyi faɗuwa a gaban tsara ya tashi ba tare da kuka ba. 'Yan mata su ma suna da 'yar gala-gala da carafke. Yaron yau kuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, bayan magariba waya. Ba na ƙin ko ɗaya daga karatun nan biyu, sai dai duk a zaune ake yin su.

Na kai maganar gaban shugaban makarantar, na ce langa da tsallen igiya ba sa buƙatar filin wasa na Sani Abacha. Ya ce za a duba. Kafin a duba, ranar Asabar da sassafe nakan kai yaron filin Mahaha tare da ƙannensa biyu.