Ƙannena, ku bar gundura ta yi aikinta

Ƙannena maza da mata, akwai abin da na yi wa kaina da ba na so ku maimaita, na hana kaina zama shiru. Ina cikin a daidaita sahu waya na hannu, ina layin banki waya, ko tuwo nake ci sai na jingina ta da kofi ina kallon TikTok, da dare in ce bari in duba abu ɗaya kawai sai dai in ji kiran assalatu. Har ta kai shafi biyu na littafi ba na iya gamawa sai hannuna ya lalubi aljihu, haddar da na sha wuya a kanta a islamiyya ta fara zubewa, ko sallah nake zuciyata na can wani waje. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsorata ni wallahi.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A 2014 masu bincike a jami'ar Bajiniya ta Amurka sun zaunar da mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ja ka, toh kashi biyu cikin uku na mazan da kwata na matan sai da suka danna, zama da tunaninsu ya gagare su. Alhali tun 2001 wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Marcus Raichle ya nuna akwai sassan ƙwaƙwalwa da suka fi tashi aiki lokacin da mutum ke zaune haka nan ba ya komai, da su ake tuno abin da ya wuce a kuma tsara na gaba. Ni duk wannan lokacin na ɗauka na ba waya, shi ya sa nake ta kwasar labarai amma ko ɗaya ba ya zama.

Ba na ce ku jefar da waya ba, da ita muke neman na tuwo. Ku dai shiga saitin ku duba Digital Wellbeing ko Screen Time ku ga awa nawa take ci muku a rana. Tsakanin magariba da isha'i ku ajiye ta a ɗaki, in Nepa sun ɗauke wuta ku fito tsakar gida ku zauna, kwanakin farko za ku ji kamar ana tsikarin ku, ku daure yana wucewa. Da dare a bar ta a falo tana caji, mai tsoron makara sallar asuba ya nemi 'yar rakani kashi ya sa alam a ciki.