Mako Guda a Daura Cikin Bazara

Wata takwas da ajiye aikina, bayan na cika shekara 35 ɗin da doka ta ƙayyade wa ma'aikacin gwamnati, na tashi daga Katsina zuwa Daura ranar wata Alhamis ta ƙarshen Afrilu, domin in yi mako guda a gidan yayana. Shi malamin makaranta ne, ya riga ni yin ritaya da shekara 11, tun kafin dokar 2022 da ta ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Shi ya matsa mini in zo, saboda ya lura duk sa'ad da ya tambaye ni a waya abin da nake ciki, amsata ɗaya ce, wato ina gida. Ban rasa ci da sha ba, alhamdu lillahi. Abin da ke damuna shi ne safiya, domin da ƙarfe bakwai da rabi ya yi sai jikina ya zabura kamar yadda ya saba, alhali babu inda ake jirana.

Na yi sammako zuwa tasha don in riga rana. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 80 ce ta Mashi da Shargalle, sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ɗan fansho zai lissafa kafin ya ce zai kai ziyara. Gonaki duk sun yi fayau, an share su an tara karmami, ga tulin taki an jejjera, ga amalanken shanu suna ta kai wani. Abin da ya rage da ganye shar shi ne gawo, itacen da ke tofo lokacin da kowa ya bushe, ya kuma zubar da ganyensa idan damina ta kankama, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Kafin mu shiga Daura iskar da ke shigowa ta taga ta koma kamar hucin murhu.

Na tarar da Yaya a zaure da 'yar shara a jikinsa da mafici a hannu. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, “Auta, sha ruwa tukuna, sauran magana sai rana ta yi sanyi.” Ruwan randa aka kawo mini. Randar tana gindin bedi a tsakar gida, an binne rabinta cikin yashi mai laima, an naɗe wuyanta da tsohon buhun algarara wanda matar Yaya ke jiƙawa safe da yamma, an rufe bakinta da faifai da moɗa a kai. Ruwan yana da ƙanshin ƙasa da sanyin da ba ya sara haƙori, kuma a makon nan da wutar lantarki ba ta zama ba, shi ne ya riƙe gidan.

Washegari na fara ganin yadda ya tsara yininsa, kuma zafin bazara ne ya yanka masa lokutan. Daga masallacin asuba ba ya komawa barci. Yakan wuce garke ya zuba wa raguna huɗun da yake kiwatawa domin Babbar Salla dusa da harawa, sannan jikansa ya ɗauke shi a babur zuwa gona, inda yake duba yadda ake baza taki. Kafin ƙarfe goma ya dawo, domin daga nan zafi kan haura maki 40, kuma duk mai shekaru ya san wannan ne lokacin da sanƙarau da ƙarancin ruwan jiki ke kayar da mutane. Daga hantsi zuwa azahar yana zaure yana bitar littattafansa, bayan salla a dama fura da nono, a yi ƙailula, gari ya yi tsit har la'asar. Da dare kuwa kowa tabarma yake fitarwa tsakar gida, domin ɗakin kwano ba ya shiguwa sai wajen asuba.

Bayan sallar Juma'a ya kai ni Rijiyar Kusugu, wadda rabona da ita tun ina ɗan makaranta. An kewaye ta da gini, ana jawo ruwa da guga a ba baƙo ya sha. Labarin kowa ya san shi, na macijin da ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi ya auri Daurama, aka haifi Bawo, daga zuriyarsu aka sami Hausa Bakwai. Amma jin labarin a cikin aji daban yake da jin sa da ƙishirwar Afrilu a maƙogwaro, a lokacin da masu kura ke bin layi da jarkoki tun duku-duku. A nan na gane cewa a wannan yanki labarin da ya fara da ruwa ba zai taɓa tsufa ba. Ranar Lahadi mun leƙa kasuwar Mai'aduwa, kusa da iyakar Nijar, Yaya ya tayi tunkiya bai saya ba, muka dawo kafin azahar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ranar Litinin da la'asar, a majalisar da suke zama ƙofar gida. Tsofaffin ma'aikata ne su bakwai ko takwas, akwai malamai, akwai malamin gona, akwai tsohon direba. Hirarsu kan taɓo farashin gero da alamun damina, wani lokaci ta faɗa kan marigayi Muhammadu Buhari, wanda ya dawo Daura ranar da ya miƙa mulki a 2023, aka kuma binne shi a gidansa a Yulin 2025. Daga bisani dai hirar kan koma kan fansho. Muna cikin haka wani dattijo ya iso, tsohon masinja ne, da wata baƙar leda ƙulle a hammata. Ya durƙusa ya kwance ta a gaban Yaya, sai ga takardu sun yi ja saboda tsufa, wasu an liƙe yagewarsu da salatif. Shekara huɗu ke nan yana bin giratutinsa, ya je tantancewa sau uku, kowane zuwa sai a ce ya dawo, kuma babu wanda ya zauna ya gaya masa abin da ya hana.

Ashe aikin da Yaya ya ɗaukar wa kansa ke nan. Duk Litinin da Laraba yana rubuta wa irin waɗannan mutane wasiƙu, yana cike musu fom, har da matan da mazajensu suka rasu suka bar haƙƙinsu a ofis, kuma ko sisi ba ya karɓa. Ya juyo ya ce, “Auta, kai ne ka yi aikin rajista, duba mana.” Na jera takardun a kan tabarma, ta ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar albashi. Ban yi minti goma ba na ga matsalar: shekarar haihuwar da ke takardar ɗaukar aikinsa ta saɓa da wadda ke katinsa na ɗan ƙasa da shekara biyu. Abu ne da takardar rantsuwa daga kotu da wasiƙa guda za su fara warwarewa. Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, ashe abin da ya tsare ni shekara huɗu ke nan?” Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san teburin da fayil irin wannan ke kwanciya, na kuma san cewa minti goman da na ba shi akwai mai albashi da ya kamata ya ba shi tun zuwan farko.

Ranar Laraba mutum biyar suka zo, muka zauna da su har aka kira magariba. A daren ne hadari ya taso daga gabas, iska ta tashi da ƙura, muka kwashe tabarmi a guje, aka yi yayyafi na ɗan lokaci, ƙanshin ƙasa ya cika gidan. Da asuba Yaya ya tona gindin katanga da yatsa, ya ga laimar ba ta kai gaɓar yatsa ɗaya ba, ya ce wannan ba ruwan shuka ba ne, kada kowa ya fitar da iri.

Da hantsi jikansa ya kai ni tasha. A jakata akwai ƙullin fura da matar Yaya ta ba ni, da fayil uku, na masinjan da na wasu mata biyu da suka rasa mazajensu. Mun yi da Yaya cewa ranar Litinin da ƙarfe takwas zan kai su ofishin da kaina, in kuma dawo masa da amsa kafin a yi shuka.