Na je biki Kumasi, na ƙare a makera

Jiya da la'asar na sauka Kano, ƙafafuna har yanzu a kumbure suke saboda zaman mota. Bikin 'yar kawuna ne ya kai ni Kumasi, amma tun da na dawo duk wanda ya ce yaya biki, sai ya ji ina ba shi labarin ƙarfe. Ni maƙerin injin casa da na niƙa ne, a yi mini uzuri.

A hanyar zuwa, Legas, Kwatano, Lome, duk na wuce su ina gyangyaɗi. A ɗaya daga cikin iyakokin ne wani jami'i ya farkar da ni. Fasfo na ECOWAS a hannuna, ga katin rigakafin shawara, amma ya juya su ya juya, ya wurga a tebur ya ce in koma gefe. Awa guda da rabi ina tsaye a rana, har sai da direba ya je suka yi ƙus-ƙus. Kuɗin bai dame ni ba kamar wurgin nan. Dattijo ne a bayana, sa'an mahaifina, shi ma haka aka yi masa.

A Aboabo Kawu yake zaune. Hausa ko'ina, sai dai ta Zango ce: mace ma "ya zo" ake ce mata, na kwana biyu kunnena bai saba ba. Da safe koko da ƙosai, wanda har Tonawa, wato Asante 'yan ƙasa, ke kira kokon Hausa, da rana wake da shinkafa da suke ce wa "waakye". Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar nan, ga shi sun bar suna a tukunya. Abinci dai da tsada idan ka mayar da sidi, kuɗin Ghana, naira a ranka. Na daina lissafi a rana ta uku don kada in ƙi ci.

Ɗan Kawu, wanda ke karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, shi ya ce, "Yaya, gobe zan kai ka inda za ka manta da biki." Muka hau tiroro, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, sai Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai. Na san Ƙofar Ruwa, na san Panteka ta Kaduna, amma wannan gari ne guda. Layi bayan layi: masu gyaran manyan motoci, masu walda, masu injin gurza ƙarfe, masu narka shi. An ce sunan "Magazine" ya samo asali ne daga rumbun makaman sojan Turawa da maƙera suka fara taruwa kusa da shi.

A wata rumfa na tsaya na kasa gaba. Suna narka tsohon bulo na injin mota, suna zuba shi a cikin yashin da aka yi wa siffa, yana fitowa dutsen injin niƙa, faifan ƙarfen nan mai haƙora da mu muke jira a kawo mana daga waje. Mai wajen, wani dattijo da yaransa ke kira Masta, ya ga yadda nake shafa haƙoran da babban yatsa, ya ce, "Kai ma ɗan hannu ne." Ya sa aka kawo mini benci da ruwan sanyi. Na tambaye shi wa ya koya musu zubi. Ya nuna gabas da haɓa, ya ce, "Tech." Haka suke kiran jami'ar.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Makarantar ta buɗe a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta zama jami'a a 1961. A 1972 ta kafa wata cibiya, TCC, wadda aikinta shi ne kai ilimin malamai wurin masu ƙananan sana'o'i: sabulu, saƙa, kiwon zuma, ƙera noti da ƙusa. Sai a 1980 suka yi abin da ya fi burge ni. Maimakon su ce maƙera su zo harabar jami'a, su suka kwashi injuna suka buɗe wurin koyarwa a tsakiyar Suame, cikin baƙin mai da hayaniya. Daga baya, a 1987, gwamnatin Ghana ta ɗauki tsarin ta yaɗa shi zuwa sauran yankuna da sunan GRATIS. Mutumin da bai gama firamare ba ya koyi zubin ƙarfe daga injiniyan jami'a, ya koya wa yaransa, su ma suka buɗe nasu.

Mu a gida shekara nawa ina aiki, ban taɓa ganin malamin jami'a ya tsuguna a garejina ba sai in motarsa ce ta lalace. Ɗalibai kan zo a ƙera musu injin kammala karatu, su karɓi maki, injin ya yi tsatsa a bayan aji. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, mu ma ba mu taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Na yi ciniki da Masta a kan dutse biyu. Ya faɗi kuɗi, na taya rabi kamar yadda muka saba a Kano, sai ya yi dariya ya ce a nan ba a yi wa mai zubi haka. Ya rage kaɗan, ya ƙara mini na uku kyauta, ya ce in gwada in aiko masa da labari.

Washegari muka bi ta Tech Junction zuwa unguwannin da ke kewaye da jami'ar, Ayeduase da Kentinkrono. Gidajen kwanan ɗalibai, shagunan buga takardu, masu gyaran waya, duk a kan ɗalibai suke ci. A Kentinkrono akwai Kumasi Hive, inda matasa ke haɗa na'urori. Can na ji labarin GrainMate, ƙaramar na'urar auna danshin hatsi ta kamfanin Sesi Technologies, wanda Isaac Sesi, tsohon ɗalibin KNUST, ya kafa. Nan take Dawanau ta faɗo mini, inda har yau da haƙori ake gane ko masara ta bushe, buhu nawa kuma ke ruɓewa a sito saboda haƙorin ya yi kuskure.

Kasuwar Kejetia na leƙa ta rabin yini, na sayo wa uwargida atamfa. Fadar Manhyia, ta sarkin Asante, daga waje na gan ta. An ɗaura aure ranar Lahadi, Litinin na kamo hanya.

Yau da safe na ɗaura dutse ɗaya a injin maƙwabcina, muka niƙa kwano goma na dawa, garin ya fito da laushi. Na biyun na naɗe shi a buhu, ranar Laraba zan kai shi sashen injiniya na jami'a in tambaya ko akwai mai son mu gwada zuba irinsa a nan.