Zoben da Kawu ya ciro a ƙafar agwagwa

Ina ɗan shekara sha uku aka kai ni hutu Nguru wajen Kawu, masunci ne, wata safiya ana tsananin hunturu ya dawo daga duba raga da wata 'yar agwagwar ruwa da ta sarƙe ta mutu a ciki. A ƙafarta akwai wani siririn zobe na ƙarfe da lambobi a jiki. Ya miƙo min ya ce "ɗana, kai ne ɗan boko, karanta mana." Na juya na juya wallahi ban gane komai ba sai lambobin, na ce Kawu wannan fa ba Turancin makarantarmu ba ne. Ya jefa shi cikin gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyi.

Sai da na girma na san masu nazarin tsuntsaye ne ke sa irin wannan zoben don su san inda tsuntsu ke zuwa, wato wannan 'yar halittar da ba ta fi tafin hannu biyu ba ta tsallake teku ta tsallake Sahara kaf don ta zo ta ci abinci a fadamar Hadejia da Nguru. Mu dama mun san shamuwa, in ka ganta kan tsamiya ka san damina ta ƙarato, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Amma cewa akwai baƙin da ke taso mana tun daga Turai duk shekara, wannan ban taɓa kawowa a rai ba.

Shi ya sa maganar haɗin kan ƙasashe a kan tsuntsaye ba ta ba ni dariya kamar yadda take ba abokaina. Yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu tun 1971 aka ƙulla ta a Iran, tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin fadamun da take karewa a 2000, har Yarima Philip na Ingila ya taka ƙafa ya zo Dagona, wani yanki na fadamar nan, a 1989 don tsuntsayen nan. Ai ko can Turai sun kashe kuɗi nawa suna tsare wurin da agwagwar take ƙwai, in ta iso nan ta tarar da busasshiyar ƙasa aikinsu ya tashi a banza.

Kuma ruwan nan shi ne magana. Tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, a kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, yadda ruwan ke tafiya ya canza, kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ga tsuntsun jan baki na kwana a cikinta ya fito ya cinye wa manomi shinkafa. To ka je ka ce wa wannan manomin ya so tsuntsu, da wane baki? Ni abin da nake so in ji a tarukan nan da ake yi a manyan otal shi ne yaushe za a saki ruwa, nawa za a saka, wa zai sare kachala, don ruwan da agwagwa ke nema shi ne dai na masunci da mai shinkafa da Bafillace mai shanu.

Bara na koma Nguru ta'aziyya, na ce a kai ni inda Kawu ke kafa raga. Kwalekwale bai iya shiga ba, kachala ta fi tsawon mutum, sai daga nesa muke jin kukan agwagwar dajin nan kirinjijiya.