Rabin sa'ar da ake jiran jirgin kan tebur

Sana'ata haɗa samfurin gine-gine. Masu rukunin gidaje, makarantu da 'yan kwangila su ne abokan cinikina: su kawo zane, mu fitar musu da shi da kwali, katako da roba, a sa a gilashi. Shagona na nan cikin Kano, ni da yara uku. Jirgin ƙasa ya shigo aikin ne tun da aka fara maganar layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Daga nan duk wanda ya kawo zanen rumbun ajiya ko kasuwa sai ya ce a sa masa dogo a gefe, kuma jirgin ya riƙa tafiya, a ji ƙugin injinsa.

Girman da muke amfani da shi HO ake kiransa, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske. Kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu da 'yan yatsu ba, amma a cikinsa akwai ɗan injin lantarki mai juya ƙafafu, fitila, lasifika ƙarama da wani ɗan allo mai suna dikoda. Shi ne ƙwaƙwalwar. Tsarin da ke sarrafa shi sunansa DCC; ya samo asali ne daga aikin kamfanin Lenz na Jamus, sannan ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ma'auni na kowa. Hikimarsa ita ce ba a jan wata waya ta daban. Ƙarafan dogon nan biyu su ke kai wuta, su ke kai umarni.

To nan gizo ke saƙar. Hanyar da aka yi don a ce wa jirgi "tsaya", "ƙara gudu", "kunna fitila", ba ta kai bit dubu tara a daƙiƙa ba (bit shi ne ma'aunin bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta). Ga umarni ta wadatar. Amma fayil ɗin sautin da ake lodawa a cikin dikoda, mai ɗauke da tashin inji, burki, oda da ƙarar ƙafafu, yakan kai megabait da dama. Wanda ya kai 16, in da za a bi da shi ta wannan hanyar, sai ya haura awa huɗu. Shi ya sa wasu masu ƙera dikoda kowannensu ya yi na'urar lodinsa mai sauri, amma ita ma ta dogon take bi, ta ƙafafun jirgi. A shagona rabin sa'a ne, wani lokacin har da ɗoriya.

Ranar farko da yaron shagona ya ga haka, ya daɗe yana kallon layin da ke jan ciki a fuskar kwamfuta, sannan ya ce, "Maigida, ai a Farm Centre kafin ka ƙirga goma an tura maka fim ta Xender. Ko kwamfutar ce ta tsufa?" Ba laifinsa ba ne, ni ma na taɓa sauya kwamfuta da kebul a kan wannan zato, ban ga canji ba. Matsin yana can tsakanin ƙarfe da ƙafa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda dikodan ke amsa tambaya idan kana karanta saitinsa. Ba shi da baki. In amsar "e" ce, sai ya ja wuta kaɗan, miliamfiya 60 na tsawon kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, injin ya ɗan zabura. In ka sa ido za ka ga jirgin yana motsi kamar mai shaƙuwa. Kowace lamba ta saitin sai an yi mata tambayoyin "e" ko "a'a" wajen tara, kuma lambobin ɗaruruwa ne. Sai ka sha shayi ka dawo bai gama ba.

Na ɗanɗana kuɗata a wani aiki da muka yi wa wani Alhaji don kasuwar baje koli da ake ci a titin Zoo. Lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina. Saura kwana ɗaya, na ɗora kan jirgin a dogon samfurin na fara lodi. Ya kusa rabi ya yanke. Na sake, ya yanke. A karo na uku aka ɗauke wuta. Alhaji ya kira wajen isha'i: "Malam, jirgin nan ya yi magana kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da yardar Allah kafin asuba." Da na shafa yatsa a dogon, sai ga baƙin layi a fatata. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta katse saƙo, kuma in ya katse daga farko ake komawa.

Tun daga ranar na kafa ƙa'ida. Akwai guntun dogo, kamu biyu, a kan katako daban, ba a lodi sai a kansa. A goge shi da sifirit da tsumma, a goge ƙafafun jirgi, a rufe da kwali. Kwamfuta da na'urar lodi a kan inbata suke, ko da akwai wuta. In jirgin na da kafasitan da ke riƙe masa wuta, wasu sai an cire su tukuna, don suna shanye siginar. Mafi sauƙi ma a loda dikodan a allon gwaji tun bai shiga jirgi ba. Kuma ina sa wannan lokacin a lissafin kuɗin aiki, ina kuma faɗa wa mai kaya dalili, domin yaron da ya zauna gadin lodi bai yanka kwali ba.

A wajen baje kolin wani dattijo, tsohon ma'aikacin Reluwe, ya tsaya ya fi kowa daɗewa. Shi ya tuna min cewa tun 1911 dogo ya iso Kano. Ya sa na danna odar sau biyu, ya karkata kunne, ya ce, "Ɗana, injin ya yi, amma odar nan ba irin tamu ba ce. Tamu ta fi kauri." Gaskiyarsa, a ƙasar waje aka naɗi sautin. Na ce, "Baba, ka dawo gobe."

Da dare muka ɗauko jirgin zuwa shago, na zaɓo wata odar mai kauri, yaron ya goge guntun dogon, muka jona inbata, muka ɗora tukunyar shayi.