Farar tsakuwar da ake tonowa a gindin gangare

Masu haƙa rijiyar lambu a bakin fadama kan ci karo da wasu ƴan fararen duwatsu cikin baƙar laka, wani kamar ƙwayar gyaɗa wani ya kai goro, amma ka hau tudu ka yi ta tono ba za ka ga ko ɗaya ba sai jan yashi da marmara. Mutane na cewa kanwa ce. Ba kanwa ba ce fa, kalsiyam kabonet ne, sinadarin da ke cikin farar ƙasa, irin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti. In kana so ka tabbatar ɗauko guda, fasa shi, matsa mai lemun tsami, za ka ga yana ƴan kumfa yana tsuwwa.

To me ya kawo shi ƙasa ya bar sama? Ruwa ne. Ruwan sama in ya shiga ƙasa yana haɗuwa da iskar kabon da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, sai ya ɗan yi tsami, wannan ɗan tsamin shi ke narkar da kalsiyam ɗin da ke jikin duwatsu da kuma wanda ƙurar hunturu ke zubo mana duk shekara daga wajen Chadi. A tuddan nan namu masu shimfiɗaɗɗen kai na yankin Gwandu da Birnin Kebbi yashi ya fi yawa, ruwa baya zama, daga Yuni zuwa Satumba yana ta wanke ƙasar yana bi ta ƙarƙashi yana gangarawa da abin da ya kwaso. Da ya iso gindin gangare sai ya tarar da laka, tafiya ta tsaya, ga rani ya shigo, zafin Maris da Afrilu yana zuƙe ruwan, itatuwa ma na sha, ruwa ya tafi ya bar kayansa nan. Kamar dai farin da ke manne a gindin butar mai shayi. Bana kaɗan baɗi kaɗan, shekaru ɗaruruwa har dubbai, har ya dunƙule. Inda ruwan sama ya yi ƙaranci ma kusa da saman ƙasa ake samunsa, wani wurin ya haɗe ya zama faifai guda mai tauri da saiwa bata iya hudawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke zuba taki iri ɗaya daga sama har ƙasa don kawai gonar ta mutum ɗaya ce. Ƙasar tudu an wanke ta, ta fi karkata ga tsami, takin gargajiya take so. Ta gindi kuwa in farar tsakuwar nan ta yi yawa tana riƙe fosforas da zinki da sinadarin ƙarfe ta hana shuka ci, shi ya sa za ka ga sabon ganye yana fitowa rawaya alhali mai gona ya kashe kuɗi, sai ya ɗauka yunwa ce ya ƙara buhu. Yuriya kuma in ka watsa ta a kan irin wannan ƙasa ka tafi, wani kaso iska zai bi. Tona mata rami gefen shuka ka rufe, ko ka zuba gab da ban ruwa.