Tazarar haihuwa daban, zubar da ciki daban

Wallahi abin da ke ban haushi a muhawarar da ake yi kan tsarin iyali shi ne yadda ake cakuɗa tazarar haihuwa da zubar da ciki kamar abu ɗaya ne, alhali malamai sun raba su tuntuni. Sahabi Jabir ya ce suna yin azalu (wato miji ya zubar da maniyyi a waje lokacin saduwa) Alƙur'ani na sauka ba a hana su ba, shi ya sa malamai da yawa suka halatta ƙwaya ko allura in miji da mata sun yarda. Zubar da ciki kuwa bayan kwana 120 an busa rai, haramun ne sai in ran uwa na cikin haɗari, Malikiyya ma tun kafin kwana 40 suka tsaurara. Katolika fa, Fafaroma Paul VI ya hana ƙwayar ma a 1968, nan kam sun fi mu tsanani.